Tukwanen Mama da Numfashin Baba

Anti, don Allah ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, ta bar tukwanen shuka guda goma sha ɗaya a bakin tagar ɗakinsu. Baba, wanda ko tsintsiya bai taɓa ɗagawa ba, shi ya ci gaba da ba su ruwa. Yana da ciwon ƙirji, shi ya sa da zafin bana ya tsananta muka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, muka rufe tagogi ruf.

Sai yayana, tela ne amma waya ta mayar da shi likita, ya zo da labarin wai shuka ma tana numfashi, da dare tana shaƙe iskar da mutum ke buƙata, kuma zafi na ƙara mata haɗama. Ya ce a zubar da su. Na kasa, Anti. Amma duk tarin da Baba ya yi sai in ga kamar ni nake shaƙe shi.

Sai na yi dabara. Kullum bayan magariba ina kwashe tukwanen zuwa baranda, inda siminti ke huci kamar kasko, da safe in mayar da su cikin sanyi. Na ce wa Baba iska nake kai su sha. Bayana har ya ƙage. Yau mako uku, ganyayen sun fara rawaya suna zuba. Jiya na tarar da Baba yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya ce min sun gaji ne za su bi mai su, shi ma ba zai daɗe a bayansu ba. Abincin rana ko taɓawa bai yi ba. In na bar su ciki tsoro, in na fitar tsoro. Ya zan yi?

Autar Baba

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Yayanki bai yi ƙarya ba, rabin karatun ya kawo. Shuka tana haɗa abincinta da hasken rana, sannan ta ƙona shi ta hanyar numfashi dare da rana, kuma zafi yana hanzarta ƙonawar. Amma iskar da tukwanen nan duka za su sha ba ta kai ta mutum guda da zai kwana a ɗakin ba. In ba ki tsoron kwana kusa da Baba, kar ki ji tsoronsu.

Abin da tela bai gani a wayarsa ba shi ne shuka tana sabo. In yanayi ya sauya, kwanakin farko takan rikice, amma cikin mako ɗaya ko biyu sai ta daidaita numfashinta, sabon ganye ya fito daidai da wurin. Ke ce kika hana su sabawa. Da rana suna ɗan tara abinci a ɗaki, da dare zafin baranda ya cinye, ga wahalar jigila.

Ki bar su a bakin tagar, kar iskar na'urar ta riƙa dukansu kai tsaye, a rage ruwa. Inda damuwar yayanki take da tushe, jiƙaƙƙiyar ƙasa mai fumfuna tana iya tayar da tari. Ku riƙa buɗe taga da safe, ku kuma kai Baba likita ya duba tarin nan a makon nan.

Mafi gaggawa, dattijon nan yana karanta ajalinsa a jikin ganye, alhali aikin hannunki ne. Ki zauna gabansa yau ki faɗa masa gaskiya, ke kika wahalar da su saboda tsoron rasa shi. Ko faɗa ya yi miki, ki shanye, in dai zai ci abinci. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Mama, ya yi miki albarka.