Tsokata Tana Kano, Ni Ina Rogo

Assalamu alaikum Hajiya Turai mai ba da shawara. Don girman Allah ki taimake ni, 'yar nan, tsoro yana nema ya kashe ni tun ciwon bai kashe ni ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Kausar ce maƙwabciyata, malamar firamare a nan Rogo, take rubuta miki ina faɗa. Ita take karanta mana filinki in mun zauna ɓare gyaɗa. Na ce kada ta gyara mini magana, kada kuma ta sa sunana.

A Tudun Kaya ta ƙasar Ƙaraye aka haife ni, aure ya kai ni Falgore, da mijina Malam ya rasu ɗana Falalu ya dawo da ni gidansa a Rogo. Ungozoma ce ni tun ina da ƙarfina. Duk mabiyiyar da ta faɗo a hannuna sai na wanke ta tas, na haƙa rami a bayan ɗaki na binne. Haka na tarar ana yi. Gashin da ya zube wurin tsifa, farcen da aka yanke, ba ma barinsu a ƙasa. Ina yarinya aka ce wani ya tsinci gashin Kande, 'yar wan babana, aka yi mata abin da aka yi, ta ƙare rayuwarta tana surutu ita kaɗai a gindin tsamiya. Da idona na gan ta. Shekarar kuma da injin niƙa ya cire wa Sulle ƙanen mijina yatsa, sai da Malam ya tono yatsan cikin garin da ake niƙawa, ya naɗe shi a farin ƙyalle aka kai maƙabarta. Abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ƙasa ake bai wa, iyakar sanina ke nan.

To bayan babbar sallah na ji wani ƙulli a mamana na hagu, kamar gurjiya. Ba zafi. Na shafa man shanu, na sha jiƙe-jiƙe, yana nan daram. Jikata Munawwara, 'yar Falalu, ita ta matsa sai da aka kai ni Kano, don a can take aiki a ɗakin da ake awon jini da tsoka. Aka yi mini aiki aka cire. Suka ce ciwon daji ne, amma an tare shi da sauran dama, sai dai in riƙa komawa ana ba ni magani.

Ina farfaɗowa abin da na fara tambaya, ina abin da aka cire? Aka yi ta dariya, wai allurar barci ce ba ta sake ni ba. Ni na ɗauka Falalu ya karɓa ya binne. Ashe ba haka ba ne.

Kwanaki Munawwara ta zo gida ta zauna a bakin gadona, wai izini ta zo nema. A nan na ji tsokata tana Kano har yanzu. An daskarar da ita a cikin kaki kamar gutsuren sabulu, tana cikin durowa, in ana so a yanko ta siririya, ta fi ɓawon albasa, a ɗora a kan gilashi. Ta ce da haka aka gane irin ciwona. Yanzu kuma manyanta suna wani bincike, suna son ragowar. Wai akwai wani abu a tsokar kowa mai sarrafa abinci, kamar mai girki, in ciwon daji ya shawo kan mai girkin sai ya riƙa yi wa ciwon girki ba hutu, ciwon yana ƙiba. Shi suke son gani. Kuma ba ya ganuwa sai an ɗiga wani ruwa, antibodi ta ce sunansa, da ake samowa daga jinin zomo. Wai yana bin abin nan ya maƙale masa kamar ƙarangiya, wurin ya rine kamar an sa lalle.

Jinin zomo, Hajiya! A kan tsokata! Ki gaya mini, gutsuren jikin mutum, da jinin dabba, da 'yan kwalabe, me ya raba wannan da aikin boka? Farar riga? Tun ranar wurin ɗinkin yake mini ƙaiƙayi, wani sa'in ya tsira mini kamar allura, sai in ce shi ke nan sun fara ɗigawa. Yarinyar ta rantse ba wanda ya taɓa sai na ce na yarda. Har da tsiya take mini, wai wa zai ɓata zomonsa a kan tsohuwar da goro ya cinye wa haƙora. Ni ban yi dariya ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ma ranar tashi. Za a tashe ni da giɓi ne, saurana yana durowar wasu? Ni da na binne na 'ya'yan mutane, nawa ne zai rasa ƙasa?

Falalu ya ce a je a karɓo kawai, ya yi wa 'yar faɗa wai ta mayar da uwarsa abin gwaji. Yanzu gaisuwa ce kaɗai tsakaninsu. Ni kuma ranar komawata asibiti ta zo ta wuce, mota ta zo ƙofar gida na ce ƙafata ba za ta sake taka wurin ba sai an ba ni abina. Amma fa ina tsoron ciwon ma. Hajo ta bayan gidanmu shi ya ci ta, ni na yi mata wanka, na ga abin da ya mayar da ƙirjinta. Ban taɓa gaya wa kowa ba. In je, tsoro. In zauna, tsoro. Ki gaya mini abin yi, 'yar nan. Kausar, tsaya haka, na gaji.

Nan ta juya fuskarta bango, ni kuma na ajiye biro. Kausar.

AMSA

Wa alaikumus salam Iya. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Malama Kausar, ki karanta mata a hankali, Falalu da Munawwara suna zaune.

Iya, tambayarki ba abin dariya ba ce, waɗanda suka yi dariya a asibiti ba su kyauta ba. Mutunta jikin ɗan Adam kika yi duk rayuwarki, shi kike nema wa kanki.

Na zauna da wata likita mai duba tsoka kafin in amsa miki. Ruwan nan ba ya shiga jikinki, a kan gilashi yake tsayawa. Jikin zomo, kamar namu, yana haɗa abin da ke gane baƙon abu ya kama shi. Shi ake tacewa a yi alama da shi, don ido ya ga inda mai girkin nan da jikarki ta kwatanta miki ya taru. Boka a ɓoye yake aiki, da sunan mutum da nufin cutar da shi. Waɗannan izininki suka aiko nema da rana tsaka, kuma ciwon suke farauta, ba ke ba. Tsokar da ta rabu da jiki ba ta aiko da saƙo. Ƙaiƙayin ɗinki kuwa, ke da kika yi jinyar masu jego kin san miki yana yin haka in yana haɗewa. Duk da haka a nuna wa likita.

Maganar ranar tashi, na tambayi malamin da nake karatu wurinsa. Ya ce binne abin da aka yanke abu ne mai kyau, amma ajiye shi saboda lalurar magani ba laifi ba ne a kanki, kuma Wanda zai tattaro wanda ruwa ya ci da wanda wuta ta ƙone, durowa ba za ta gagare Shi ba. Ki sa Falalu ya kai ki wurin malamin da kika yarda da shi a can Rogo, ki ji da kunnenki.

Ki raba abu biyu. Binciken zaɓinki ne. In kin ce a'a, ba wanda ya isa ya tilasta miki ko ya rage miki magani. In kin ce e, ki sani ba lallai ke ki ci amfaninsa ba, wataƙila sai jikokin yaran da kika yanke wa cibiya, sai ki yi niyyar sadaka. Amma gutsuren da ke cikin kakin, don ke ake ajiye shi, ko likita zai buƙaci sake dubawa ya zaɓa miki magani. Kada a yi gaggawar karɓo shi. Ki tambaye su da bakinki yadda za a yi da shi in an gama, ki gaya musu burinki a binne.

Malam Falalu, kishin mahaifiya ne ya sa ka faɗa, amma 'yar nan ita ta kai ta asibiti da sauran lokaci, ka sauko. Munawwara, ki ajiye tsokana, ki nemi izinin manyanki ki nuna wa kakarki gilashin a madubin likita. Abin da ido ya gani ya fi sauƙin ɗauka.

Komawa asibiti kuwa, Iya, wannan ba ya jira. A cikin makon nan za ki shiga mota. Ke kika wanke Hajo, kin san abin da zama yake jawowa. Kada garin neman a binne abin da bai fi gurjiya ba a binne mana ke gaba ɗaya. Allah Ya ba ki lafiya, Ya kwantar miki da hankali, Ya sa ki ga auren 'ya'yan Munawwara.

Taki,
Hajiya Turai