Ɗan Barewar da Na Ɗauka

Talata da dare, a garin Hatta

Yau na yi kuskure a gandun dabbobi. Na tsinci ɗan barewa kwance shi kaɗai a gindin ƙaya, na zaci uwarsa ta yar da shi, sai na rungumo shi zuwa wajen likitarmu, Dakta Mariama.

Ta ce, "Malam Sani, ɓoye shi ta yi ta tafi kiwo. Yalla, yi maza ka mayar da shi."

Na mayar, na laɓe bayan dutse. Dab da magariba uwar ta zo, ta shinshina shi, ta ja da baya. Har duhu ya rufe ban ga ya sha nono ba.

Dakta ta ce mu jira wayewar gari. Allah Ya sa ba hannuna ne ya raba shi da uwarsa ba.