Wankan da Aka Yi wa Sarauniya

Illela, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Mu'minat,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wajibi ne in gyara kuskuren da ke cikin wasiƙarki. Kin rubuta cewa na bugi mijinki Lawwali sau uku a kan "kyanwa kawai". Sau biyar ne: biyu a kafaɗa, biyu a baya, na biyar a tsintsiyar hannu, inda na ji ƙashi ya amsa. Kyanwar kuma sunanta Sarauniya, shekararta tara a gidana.

Ƙuma gare ta, ban musa ba, da tsutsar ciki. Likitan dabbobi ya ba ni magani, ina ba ta bisa ƙa'ida. Na dawo daga masallaci na tarar mijinki ya dama maganin feshin albasa a bokiti, ya danne ta a ciki har wuya, wai abin da ke kashe ƙwarin gona ba zai bar ƙuma ba. Ta yakushe shi har jini, bai sake ta ba. Minti arba'in tana shure-shure, kumfa na zuba daga bakinta, kafin ta mutu a hannuna.

Kin ce jikata Mahbuba ba za ta sake taka gidana ba muddin ɗaya kyanwar, Baƙo, yana nan. Ina neman hujja.

Mahaifinki,
Jabir Maccido

Amarawa, 9 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ga hujjar. Duk ranar da muka zo gidanka, Mahbuba takan dawo idanu a kumbure, jiki duk ƙuraje. Zuwan ƙarshe numfashinta ya sarƙe a kan babur, leɓɓanta suka yi baƙi. A asibiti aka ce jikinta ba ya son gashin kyanwa. Sau biyu na faɗa maka, ka ce in kawo a rubuce.

Ni na zaci ƙumar da ke cikin gashin ce ke jawo mata haka. Ni na ɗauko maganin daga rumbu, ni na tilasta wa Lawwali. Yana ƙarƙashin sandarka bai ambaci sunana ba. Mai ɗori ya ce ba zai riƙe fartanya ba sai bayan wata biyu, ga albasa ta isa cira.

Mi ya rage, Baba? In da sauran duka, nawa ne.

'Yarka,
Mu'minat

Illela, 12 ga Maris

Mu'minat,

Bayan gaisuwa. Na kai Baƙo Kalmalo wurin gwaggonki Tasalla, ya tsaga mini hannun riga kafin ya shiga kwando. Na ƙone tabarmi da matasai, na wanke ɗakuna sau biyu. Gobe zan tafi gonarku da mutum huɗu.

Na haɗo da wannan wasiƙa:

1. Takardar ban haƙuri ga Lawwali, da sa hannuna.
2. Sunan likitan yara a Sakkwato, da ranakun da yake ganin marasa lafiya.
3. Makullin ƙofar gida. Ku zo da Mahbuba ranar Juma'a.

Allah ya ba su lafiya.

Mahaifinki,
Jabir Maccido