Takin Gida Bai Kawo Mana Wuta-wuta Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Manoman Yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya. A makon jiya ƙungiya ta sanar cewa duk wanda ya kai takin gida gonarsa ba zai samu irin dawa na bana ba. Hujjarta ita ce malamin gona ya zaga, ya ga gonakin da aka fi zuba wa takin su ne suka fi wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotse hatsi. Ya ce akwai alaƙa. Ni kuwa na riga na kai nawa gonar gabas da na gada, bazawa kawai ta rage, ga damina ta ƙarato.

Na farko, ban musa abin da Malam ya gani ba. Amma abu biyu su riƙa bayyana tare, wannan alaƙa ce, ba sanadi ba. Gidan da ake dafa sassaƙe za ka tarar da mai zazzaɓi a ciki, ba kuma sassaƙen ne ya kwantar da shi ba.

Na biyu, wuta-wuta gajiyayyar ƙasa take bi. A nan ba mu da filin da za mu bar gona ta huta, taki kuma ba ya isa, don haka manomi yakan juye mafi yawansa inda ƙasa ta fi gajiya. A gonata ta gabas, ciyawar ta riga takin zuwa, tun Baba yana raye. Gonar bayan gidanmu kuwa kowace bazara tana shan kashin awaki da toka, ban taɓa cire wuta-wuta a cikinta ba. Malam bai leƙa ta ba, ko da yake a gefenta ya ajiye babur ɗinsa.

Na uku, na yarda ƙwayar ciyawa tana iya bin kashin dabba. To, an gwada? Wa ya tambayi manomi ko ɗaya wanne ya riga wanne?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne saurin hukuncin, da yadda sanarwar ta ƙare da nuna mana inda za mu sayi takin zamani.

Roƙona, a dakatar da sharaɗin, a ba mu iri kafin ruwan shuka. A raba gonata ta gabas biyu, rabi da taki, rabi babu, kowa ya zo ya gani da kaka. Na ba da ita.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya ba shi ikon yin adalci, ya ba mu damina mai albarka.

Ana cewa shagon takin da aka nuna mana, na kan hanyar Gezawa, na surukin malamin gona ne. Na tambayi sakataren ƙungiya. Har yau bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Wassalam.