Na Ɓalle Kwaɗon Akwatinka

Madarumfa, 14 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Hamza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Ummulkhairi da yara, Ya kuma sauƙaƙa maka wahalar koyarwa da zafin Yamai. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwan tabki ya ja baya ƙwarai bana, har shanu na kiwo a inda muke sa taru. Hadari ya haɗu sau biyu ta wajen Safo ya watse bai zubar ba, kowa ya gyara gona yana duban sama. Mai ɗakina Khadija ta yi fama da ciwon ƙafa, amma ta miƙe. Ƙanwarmu Kulu tana lafiya a Maraɗi, mijinta Ado ne zai miƙa maka wannan hannu da hannu.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara biyu ba mu ji muryar juna ba. Da hannuna nake yi, ban sa kowa ba, sai ka yi haƙuri da karkatattun baƙaƙe. Wannan ce takarda ta uku, biyu na yayyage. Bari in fara da laifina kada zuciya ta sake hana ni: na ɓalle kwaɗon akwatinka da ke ɗakin marigayiya Inna, wanda ka kulle ranar sadakar bakwai ka tafi da makullin. Ban manta abin da ya sa ka kulle shi ba. Ni ne na tsaya gaban mutane na ce na bar makarantar lakwal na shiga ruwa kamun kifi don ka yi karatu, amma karatun naka bai tsinana wa gidan nan komai ba sai akwatin takardu. Da safe ka hau mota.

Abin da ya kai ni ga kwaɗon, ɗiyata kuma ɗiyarka Nusaiba ce. Ka san tana zaune wurin Kulu tana karatun lise, bara kuma ta faɗi bak, jarrabawar fita sakandare. Ekonomi ne ya kayar da ita, biyar bisa ashirin ta samu, alhali shi ne darasin da ya fi nauyi a sashensu. Bana ta maimaita ajin, an kuma gaya mata ba a zama sau uku. Ana tsakiyar shekara sai aka ɗauke mushen, malamin da ke ba su darasin, aka kai shi wani gari, wanda aka ce zai maye gurbinsa har yau ba a ga ƙeyarsa ba. Littafi ɗaya ne a ajin, yana yawo hannun mutum talatin da wani abu. 'Yan ajin suna tura wa juna takardu ta waya, ƙawarta Febi tana nuna mata a tata, amma rabinsu na jarrabawar wasu ƙasashe ne, ba su san wanne za su kama wanne za su bari ba. Duk Asabar in ta zo gida sai in ga ta ƙara ramewa. Ta zauna, ta tashi, ta buɗe kaye, littafin rubutunta, ta rufe. Uwarta ta zuba mata tuwo ya huce a gabanta.

Wata Asabar a watan Maris ta same ni a garka ina ban ruwa, ta ce tana so ta ajiye karatun ta kama ɗinki, tun kafin ta sake ba ni kunya. Na ce ta koma gida za mu yi magana. Na tsaya da bokiti a hannu har na shayar da fage ɗaya sau biyu ban sani ba. Daga nan ban zame ko'ina ba sai ɗakin Inna, da guduma.

Hamza, gara ta riga mu. Ta shiga ta ƙasa ta cinye kusan rabi. Littattafan bugu duk sun zama ƙasa. Abin da ya tsira kaye huɗu ne na ekonomi da ke sama, na huɗun ma an ci bayansa. Mun kakkaɓe su mun shanya a tabarma. Nusaiba ta ɗauki na farko tana dubawa, sai na ji ta yi dariya, abin da na kwana biyu ban ji ba. Ashe a gefen kowane darasi ka yi rubutu da jan biro, da Hausa, kana fassara wa kanka darasin da misalan gidanmu. Inda ake maganar yawan kaya da faɗuwar farashi ka rubuta cewa ranar da kifi ya cika bakin tabki Yaya, wato ni, yakan dawo gida da fushi. Wani wurin ka kawo tumatirin Baba da ke ruɓewa a kwando lokacin da kowa ya ɗebo nasa rana ɗaya. Ta ce abin da ta shekara biyu tana hadda ba ta gane ba, ga shi a ƙofar gidansu.

Tun daga ranar ba ta sake zancen ɗinki ba. Ta kai su Maraɗi aka yi hotokofi, ita da Febi da wasu huɗu suka riƙa zama a zauren Kulu bayan la'asar, ita ce ma mai yi musu bayani. In ta zo gida ni take kamawa ta yi wa darasi, wai in ta iya sa ni na gane, to ta iya. Ina gyaran taru tana yi mini bayanin abin da ke sa naira ta faɗi sefa ta tsaya, ina gyaɗa kai, wani in gane wani ya wuce ni.

Ana haka ta zo wani darasi, sunansa na Faransanci bai zauna a bakina ba, amma ma'anarsa ita ce duk abin da mutum ya samu akwai abin da aka bari dominsa, kuma wannan da aka bari shi ne ainihin tsadarsa. Ta fara karanta jan rubutunka sai ta dakata. Na ce ta ci gaba. Ta karanta: "Tsadar karatuna ita ce karatun Yaya Abubakar. Ya fi ni ƙwaƙwalwa. Kada in manta." Ta duba kwanan watan da ke saman shafin, shekara ashirin da biyu ke nan. Na tashi na bar mata tarun na nufi bakin ruwa. Ashe abin da na tsaya ina yi maka gori a kai gaban jama'a, ka riga ka rubuta shi tun kana yaro, a inda ba ka zaci wani zai gani ba. An ce magana zarar bunu ce. Na zara tawa, ba ta komawa. Ka yafe mini don Allah.

Makon jiya aka ba su sakamakon jarrabawar gwaji. Ta samu tara a ekonomi. Tambaya biyu aka yi. Ta farko daga cikin kayenka ta fito, ta cike shafi uku. Ta biyu a kan ciniki tsakanin ƙasashe ce da aikin bankuna, daidai inda gara ta cinye, ta miƙa takarda kusan fara. Tara ta fi biyar, amma ba ta ƙetar da mutum. Saura kwana arba'in da 'yan kai. Tun da na ji, na kasa zama wuri ɗaya. In je garka in ji kamar ana nemana a gida, in zo gida in rasa abin da ya kawo ni. Na shiga kasuwar Maraɗi wurin masu littattafai, suka zube mini kala biyar, na tsaya ina jujjuya su kamar makaho a kasuwar madubi, na fito hannu wofi don tsoron kada in sayo mata wanda zai ɓatar da ita.

Ga roƙona. Ka zaɓo mata littafin da ya dace da tsarin yanzu, da tambayoyin shekarun baya masu amsa, ka ba Ado, ranar Laraba zai juyo. Abin da ya fi wannan kuma, ka yi mata da bakinka abin da ka yi wa kanka da jan biro, ko da rabin awa ne a mako. Icen da ke kusa da kai shi kake kamawa in za ka faɗi, mu kuwa ba mu da wanda ya fi ka.

Ka gaishe da Ummulkhairi da kyau, ka shafa mini kan Yusuf da 'yar autarku da ban taɓa gani ba. Khadija da Kulu suna gaishe ku. Nusaiba ba ta san na rubuto ba, don kada in sa mata rai.

Lambata ba ta canza ba. Ranar Asabar bayan la'asar zan ba ta wayar in ce ta riƙe mini, ni in tafi garka. In har yanzu ba ka son jin muryata, ba sai ka ji ba. Ita za ta ɗauka.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Abubakar