Ban Yarda a Goge Zanen Baba Ba

Makera, Kaduna,
9 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Yayana Dalhatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Sumayya da yara baki ɗaya. Yaya ruwan Fatakwal, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida shan hantsi, sai dai takaba ta sa ta yi shiru fiye da yadda ka san ta. Maigidana Abban Sani yana gaishe ka, ya ce a faɗa maka an gyara rufin zauren da ka yi magana a kai.

Yaya, na zaɓi takarda a kan waya da gangan. A waya in na ɗauko magana kana katse ni, ni kuma girmanka ba ya bari in katse ka. Takarda kuwa ba ta katsuwa, sai dai ka ajiye ta ka sake ɗauka. Maganar kwamfutar nan ce, kuma tun daga farko gara in faɗa maka: ban kai ta an yi mata fomatin an goge komai ba kamar yadda ka umarta, ba kuma zan kai ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Ka san abin da ke cikinta, amma zan tuna maka, don na lura kamar ka manta nauyinsa. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana zana adon atamfa a masaƙar Kakuri, har ranar da aka rufe ƙofa aka sallame su. Zanensa ɗari huɗu da goma sha biyu ne a akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadonsa. Bayan na yi ritaya daga ma'aikata, damina biyu muka yi da shi muna yi musu sikanin ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, yana zaune a kujerarsa yana faɗa min sunan kowanne ina rubutawa: Ƙafar Tantabara, Ruwan Agusta, Kwandon Goro, da sauransu. Bayan nan yoyon rufi da gara suka haɗu suka cinye takardun, da muka buɗe akwatin bara ba abin da ya saura sai ƙasa. Saboda haka duk duniyar nan babu inda hannun Baba ya saura sai cikin wannan tsohuwar kwamfutar. Kuskurena shi ne ban ajiye kwafi a wani wuri ba, kullum ina cewa gobe. Wannan na amsa laifinsa, ba sai an tsare ni ba.

Ga yadda cutar bairos ta shiga kwamfutar, tunda ba ka samu zuwa sadakar arba'in ba. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa sun zo da yawa, Musulminsu da Kiristansu. A cikinsu akwai Baba Ishaya na Barnawa, aminin Baba, wanda injinsa ne ke buga zanen Baba a kan yadi. Bayan an shafa addu'a ya kira ni gefe, ya kunce bakin hankicinsa ya fito da wani ɗan filashi, ya ce in zuba masa zanen abokinsa ya riƙa kallo kafin shi ma tasa ta zo. Na san filashin nan ya zaga shagunan buga takardu na Kakuri kaf, don da shi yake yawon takardun fanshonsa. Zuciyata ta ce in fara duba shi. Amma ta yaya zan dubi tsohon da ya ɗauke mu a kafaɗa, hawaye na bin gemunsa, in ce masa kayansa na iya ɗauke da cuta? Kunya ta rufe min baki, na soka. Da sauran suka gani, mutum biyar suka miƙo nasu, ban hana kowa ba. Sai dai ban kai ga zuba wa ko mutum ɗaya ba, kwamfutar ta tsaya cak, na ba su haƙuri na ce su dawo.

Washegari da na kunna, fankarta ta kama gurnani kamar injin markaɗe. Kowace folda ta koma wani abu mai 'yar kibiya a gindi, in na danna sai wani baƙin allo ya ƙifta ya ɓace, babu zane ko ɗaya. Wallahi Yaya, sai da na zauna a ƙasa. Ji na yi kamar an sake fita da Baba daga gidan nan. A wannan halin na kira ka, kai kuma ka ce in kai wa Nasiru mai gyara a kasuwar Kakuri ya goge komai a huta, ka ce dama harkar kwamfuta ba ta tsofaffin masu buga tafireta ba ce. Wannan bai dame ni ba, na saba da tsokanarka. Abin da ya ƙona min rai shi ne da ka ce zanen kamfanin da ya mutu shekara ashirin, wa zai ci da shi.

Duk da haka na je wurin Nasirun, don kada a ce na raina maganarka. Ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce bairos ya cinye komai, fomatin kawai, in dawo bayan La'asar. Na tambaye shi ina antibairos ɗin da shi da kansa ya saka min bara. Ya ce ai har guda uku ya saka don ƙarin ƙarfi, ƙaddara ce kawai. Sai na nuna masa layin da ke nuna cikar kwamfutar, wanda yake nan ja har wuya kamar yadda yake kullum. Na ce masa buhun da aka zazzage ba ya nauyi, in an cinye zanen, me ya cika cikin? Ya yi dariya ya ce Hajiya ki bar wa masu aiki aikinsu. Na naɗe abata a ɗankwali na hau Keke na dawo gida.

Wadda ta taimake ni ita ce Irene, 'yar Baba Ishaya, ƙawata tun firamare, wadda ke kula da kwamfutocin wani kamfani a Kudenda. Ranar Asabar da hantsi ta zo. Ta ce hasashena daidai ne, irin wannan bairos ba ya cinye kaya, ɓoye su yake yi ya ajiye na bogi a gurbinsu, duk wanda ya danna na bogin ya ƙara masa ƙarfi. Na ce mata kada ta taɓa min, ta faɗa ni in yi da hannuna, don ba na son in sake zama wadda ake cewa ta dawo bayan La'asar. Muka fara da raba ta da intanet, muka kwashe duk filashin gidan muka ɗaure a leda. Ta nuna min yadda ake tayar da kwamfuta a yanayin da suke kira sef mod, inda take farkawa da abubuwan dole kawai, ɓarawon bai samu damar tashi ba. Ta zo da manhajar bincike da ta sauke a kwamfuta mai lafiya, a sabon filashi. Kafin mu fara sai da muka cire ukun nan na Nasiru. Ta ce dukkansu na sata ne, tun ranar da aka saka su ba su taɓa sabunta kansu ba, kuma masu gadi uku a ƙofa ɗaya junansu suke tsarewa, ɓarawo ya wuce ta tsakaninsu.

Binciken ya ci awa huɗu. Ana tsaka da shi aka ɗauke wuta, ga batirin kwamfutar ba ya riƙe ko rabin awa. Ban san lokacin da na fita ba takalmi na roƙi Talatu maƙwabciyarmu ta tayar mana da janareta ba. Allah Ya saka mata, ta bar ɗinkinta ta jawo mana waya ta kan katanga. Da binciken ya gama ya nuna mugayen fayiloli sittin da bakwai, na share su, muka sake bincike na biyu ya fito fes. Sannan Irene ta karanto min wani layin umarni na fito da abin da aka ɓoye, na buga shi ba tare da na dubi yatsuna ba. Ka ga amfanin shekara ashirin da shida a kan tafireta. Ina danna maɓallin ƙarshe foldojin suka dawo a jere, Ƙafar Tantabara a sama. Na yi kuka, Irene ta yi, Inna da ke leƙowa daga ɗaki ta ce a yi wa Annabi salati.

Ba mu tashi ba sai da na kwafe komai a wurare biyu, ɗaya a ma'ajiyar da ake jonawa ta waje wadda yanzu take cikin adakar Inna, ɗaya a intanet. Daga nan muka zauna zaɓen sabon antibairos, kuma ni na kafa sharuɗɗana kamar mai zaɓen maigadi. Guda ɗaya tak. Daga shafin masu shi na asali, ba daga faifan kasuwa ba. Ya riƙa sabunta kansa ba tare da ya shanye min data ba, kada ya yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi, kuma duk filashin da aka soka ya tsare shi a bakin ƙofa ya bincike shi. Mun gwada biyu, na farko ya sa ta tafiyar hawainiya, na cire shi na bar na biyun. Af, saƙon nan da ka turo min a waya na antibairos kyauta mai cewa a tura wa mutum goma, ban buɗe ba. Irene ta duba ta ce shi kansa cuta ce, ya sa rigar likita. In ka riga ka danna a wayarka, don Allah ka nemi a duba maka, rigakafi ya fi magani.

Ranar Litinin Baba Ishaya ya dawo da hankicinsa. Wannan karon na durƙusa na gaishe shi, na ce masa Baba sai na wanke filashin nan kafin ya shiga. Sai ya yi dariya ya ce a masaƙa ma ba a ɗora sabon launi sai an wanke abin bugawa, me ya hana ni faɗa tun ranar. Ashe kunyar da ta kusa cinye mana gado, shi ko a jikinsa. Yanzu doka ce a gidan nan, kowa ya zo da filashi sai an bincike shi, ko limami ne. Kai ma in ka zo da Sallah, naka zai bi layi.

Muna zaune da shi nake buɗe zanen ɗaya bayan ɗaya, don in tabbatar babu wanda ya lalace. Da muka kai na tamanin da uku, wani mai ganyen ɗorawa shuɗi da ruwan ƙwai, ya ce in tsaya. Wannan ne kaɗai Baba bai ba ni sunansa ba lokacin da muke sikanin, cewa ya yi in wuce kawai. Na buɗe hoton bayansa, na ga rubutun ajami da ban kula da shi ba a da, Abban Sani ya karanta mana. Kwanan wata ne na makon da aka haife ka, a ƙasa kuma an rubuta: na yaron nan. Baba Ishaya ya ce kwana uku Baba ya yi a kansa ba ya ko fita cin abinci, ya roƙi manaja aka buga shi kafin ranar suna, kuma shi Baba Ishaya da hannunsa ya yanko turmin farko daga inji. Na shiga na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da shi ta goya ka har ka yi tafiya.

Yaya, na san abin da ke ranka tun muna yara. Baba bai taɓa kiran sunanka ba, bai taɓa zama ya yi hira da kai kamar yadda yake yi da mu ba, kuma na san ka ɗauke shi a matsayin rashin so, ko da ba ka taɓa faɗa ba. Kunyar ɗan fari ce ta mutanen da, kai ma ka sani, amma sani daban, abin da zuciya ke ji daban. Ba na jin haushinka yanzu. Sai dai ba zan ba da haƙuri a kan ƙin bin umarninka ba, ko yau aka sake haka zan yi.

Ka gaishe min da Anti Sumayya, ka ce mata daddawar da ta aiko a nema tana hanya. Ka shafa min kan Auwal da ƙannensa. Inna tana sa muku albarka, Talatu da Irene suna gaisuwa, Baba Ishaya ya ce ka neme shi in ka zo, yana da sauran labari.

Na je an buga min na tamanin da ukun nan a takarda mai kauri, gaba da baya, na saka maka a cikin ambulan ɗin nan. Ka buɗe a hankali kada ya yage. Ka tambaye ni wa zai ci da zanen Baba. Ban sani ba, Yaya. Amma wannan ɗin naka ne, tun kafin a raɗa maka suna.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai taurin kai,
Maimuna.