Inna, Baffa Ya Kai Jikokinsa Lakol

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ladabi irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Albishir na kawo miki daga Gangara.

Kin tuna shekarar da na ci jarrabawar shiga kolej a Gazawa? Baffa Idi, yayan Baba, ya ce a bar ni gida, wai karatun mace a bakin murhu yake ƙarewa. Ba ki yi musu da shi ba. Kin bi Baba da lallashi har ya yarda, kika ɗaure mini tabarma da garin kunu, muka hau amalanken maƙwabta, kika damƙa ni hannun ƙanwarki da ke zaune a Gazawa. Da za ki juya kika ce, "Ni ban iya rubuta sunana ba. Je ki iya mana mu biyu."

Har aka yi girbi Baffa bai amsa gaisuwarki ba. Kullum sai kin durƙusa kin gaishe shi, ki dawo ɗaki kina dariya ƙasa-ƙasa.

Ba ki ga ranar da na zama malamar dabbobi ba, Inna. Yanzu moto, wato babur, nake hawa, ina bin rugage da allura. Da farko makiyaya kan leƙa bayana su tambayi ina likitan. Yau kindirmo suke ajiye mini.

Da daminar nan haihuwa ta zo wa saniyar Baffa da gardama, ita ke nan gare shi. Ya aika Gazawa a turo likita, sai ga ni. Ya jima yana kallona, sannan ya matso ya riƙe mini igiya. Na gyara kwanciyar maraƙin, ya fito da rai, uwar ta miƙe tana lasarsa. Baffa da hannunsa ya zuba mini ruwan wanke hannu.

Ranar da aka buɗe lakol, makarantar bokon garinmu, na gan shi yana dogara sanda, jikokinsa mata biyu a gaba. Da bakinsa ya ce wa direkta a ɗauke su. Ya hango ni ya ce, "Ɗiyar Hajo, uwarki ta fi ni hangen nesa, Allah Ya jiƙanta." Ƙaramar kuwa ta kama zanena, wai in ta girma zan ba ta aron moto? Na ce zan ba ta. Na yi dariya har hawaye suka zubo, Innata, don na san da kina nan guɗa za ki rangaɗa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe kurakuranki, Ya sa ladan karatun yaran nan ya riske ki, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rabi